Fatawa a Kan Tsani

Ina rubuta wannan ne alhali tafin hannuna bai daina zogi ba, domin in riga waɗanda za su ba da labarin a zango su ƙara masa gishiri.

'Yan kasuwar zangonmu na Camba ne suka yi karo-karo, suka ɗauki shatar bas har da jagora, wai mu je mu ga duwatsun arewa. Muka bi ta Sokode, muka ratsa tsagin Alejo inda hanya ta raba dutse biyu, muka wuce Bafilo da Kara, muka haye kogin Oti a Mango, muka kwana Dapango, jagora yana ta bayani, rabin mota yana gyangyaɗi. Da safe aka hau da mu kan dutsen Nok, kusa da Nano, ba Nok ta kudancin Zazzau ba. A nan jagora ya ce ƙarƙashin ƙafarmu akwai kogo mai rumbunan laka 134, inda mutanen Moba suke ɓuya da hatsinsu idan mayaƙan Cakosi suka kawo hari daga Mango, tun ƙarni na 18 har na 19, kuma mai son gani sai ya sauka ta wani tsanin ƙarfe da aka kafe a jikin dutsen.

To, ni ranar babbar riga na sa, shadda ce sabuwar bugu, gama mutum ba ya ziyartar kufan magabata da shigar dako. Na sauka lafiya har tsakiyar tsani, ina ta ambaton Allah, sai iskar hunturu, wadda tun daga hamada ba ta sami abin wasa ba sai ni, ta taso daga kwari, ta shiga ƙarƙashin rigar, ta kumbura ta kamar laima, ta ɗaga ta ta kifa mini a ka, bakinta ya sarƙe da wani ƙarfe can bisa. Hulata ta yi nata wuri, duniya ta yi duhu, kuma a daidai wannan sa'a, da na miƙa ƙafa ina laluben matakala, na ji mazagin wandona ya ce ɗas.

Ya mai karatu, ka tsaya ka auna wannan hali da adalci. Hannu biyu Allah ya ba ɗan Adam, duka biyun suna riƙe da raina. Wando kuwa ya kama hanya a hankali, cikin natsuwa da waƙari, ba ya gaggawa kuma ba ya fasawa, ina jin sanyin dutse yana biye da shi taki bayan taki, alhali a bakin kogo matan ayarinmu ne tsaye, su da suka riga ni sauka da zane ba abin da ya same su, kuma na ji hirarsu ta yanke gaba ɗaya. Wallahi da dariya suka yi da ta fi mini sauƙi.

Akwai wani dattijo cikinmu da ciwon gwiwa ya hana shi sauka, yana zaune bisa da carbi. Shi ne ya leƙo ya ce, "Ɗana, kada ka dubi ƙasa!" Na amsa daga cikin shadda, na ce, "Baba, ko sama ba na gani." Ya ce madalla, rabin mas'ala ta warware. Sa'an nan ya yi gyaran murya, ya bayyana cewa al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, amma larura tana ɗauke zunubi, saboda haka in kwantar da hankalina, alhakin yana kan na ƙasa idan ba su runtse ido ba. Na ce ba hukunci nake nema ba, mafita nake nema. Ya yi shiru, na ji carbi yana tafiya, can ya ce, "Abu mai sauƙi. Saki hannun dama ka kama wando, ka saki na hagu ka warware riga." Na ce, "Tsanin fa, Baba?" Ya ce ai tsanin a kafe yake, ba inda za shi. Har ya soma bincike a kan ko wanda ke rataye tsakanin sama da ƙasa matafiyi ne da kasaru ta halatta gare shi, ya kawo ƙauli biyu, bai rinjayar da ko ɗaya ba.

Yaron mota ne ya sauko, bai ce uffan ba, ya zare rigar daga ƙarfen, ya ɗaure mini ƙugu da igiyar kaya, ya tura ni sama. Dattijo ya karɓi godiyar jama'a.

Rumbunan dai ban gan su ba, matan sun ce suna da kyau. Wanda Allah ya kai shi Nok, in ya tsinci hula zanna-bukar a gindin dutsen, tawa ce, a aiko ta Camba.