Makunnin da Ba Ya Kashe Wuta

Fitilar falonmu mai ƙwai biyar ce, irin mai rassan nan da ake ratayawa a silin, kuma cikin kayan ɗakin maiɗakina ta zo. Surukata Hajiya da kanta ta zaɓo ta, saboda haka matsayin fitilar a gidan ya ɗan ɗara nawa. Aibinta ɗaya ne: makunni guda ke juya ƙwayayen duka. Ko allura kake nema ko hira kawai ake yi, da ka danna sai biyar ɗin su tashi tare.

Da can abin bai dame ni ba. Sai a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya na wutar lantarki ga 'yan rukunin Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225, layinmu kuwa yana ciki. Na ɗauki biro na zauna. Ƙwai biyar, kowanne wat 60, wat 300 ke nan. Idan suka yi awa shida a kunne sun sha yunit 1.8, wato naira 405 a dare guda, a wata abin ya haura dubu goma sha biyu. Mitar kati kuma ba ta san a yi haƙuri sai an yi albashi ba. Tsuwa kawai take farawa.

Na ce to a kwance ƙwai uku a ajiye. Maiɗakina ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, so kake Hajiya ta zo ta tarar da fitilarta kamar bakin tsohuwa?"

Shi ke nan aka binne wannan shawara. Na koma ga ta biyu: a raba ƙwayayen gida biyu, biyu na zaman yau da kullum, uku na ranar baƙi. Mai gyaran wutar unguwarmu, wanda kowa ke kira Injiniya, ya faɗi kuɗin aikinsa, ni kuwa na ga cin fuska ne a biya mutum haka don ɗaura waya biyu. Na yi kimiyya a sakandare. Ina da filaya, ina da sukundireba.

A kasuwar Sabon Gari na ce wa yaron shago ina son makunnin da zai raba mini wuta biyu. Ya zube mini kala biyu, ɗaya mai madanni biyu, ɗaya mai madanni guda amma ya fi araha. Na juya bayan mai arahar, na ga ramuka uku: COM, L1, L2. Ai magana ta ƙare. Wuta ta shiga ta COM, L1 ta tafi wa ƙwai biyu, L2 ta tafi wa uku. Me ya kai ni biyan kuɗin madanni biyu?

"Yallaɓai, gidan bene ne?" in ji yaron.

Na gane nufinsa sarai, aljihuna yake aunawa. Na ce masa talaka ne ni, gidan ƙasa, ya ba ni canjina.

Ranar Asabar da safe aka ɗauke wuta, na ce Allah ya kawo sauƙi, an hutar da ni zuwa kashe babban makunnin gida. Na jawo teburin cin abinci, na ɗora turmi a kife, na hau. Da na zare murfin gindin fitilar sai ga wayoyi cunkus: biyar masu ruwan ƙasa an murɗe su wuri guda, biyar shuɗaye su ma haka. Wayoyin gidan kuwa ja da baƙa ne, tsohon tsarin Ingila, inda ja ke kawo wuta baƙa ke mayar da ita. A sabon tsari mai ruwan ƙasa ce ke aikin ja, shuɗiya ke aikin baƙa. Wannan duk na sani, kuma ina so a shaida cewa a saman nan ban kuskure komai ba. Na raba masu ruwan ƙasa biyu da uku, shuɗayen na bar su a dunƙule, na naɗe kowane mahaɗi da salatif har ya yi ƙato.

Saura waya ta biyu da za ta sauko daga silin zuwa bango. Fayif ɗin da ke binne cikin siminti ya ƙi karɓarta, ko ɗan yatsa ba ta shiga sai ta lanƙwashe. Sai na biyo da ita ta waje, kan fentin da aka yi da ƙaramar Salla, ina kafa mata ƙananan ƙusoshi. Maiɗakina ta leƙo daga kicin ta ce, "Sannu da aiki," amma ba irin wadda ake amsawa ba.

Ina tsaye a jikin bango, jar wayar tana tsakanin yatsuna ina murza bakinta, sai na ji yaran layi sun ɗauki ihu: "Nepa!" Tun 2005 aka sauya wa hukumar nan suna, yaran da ke ihun ko haihuwarsu ba a yi ba, amma sunan ya ƙi mutuwa. Ni dai ihun da wutar tare suka iso mini. Bolt 230 ya bi ta hannuna ya gaisa da kafaɗata. Yara sun ce na yi ƙara da wata siririyar murya, kuma wai na kira sunan mahaifiyata. Abin da na sani shi ne na ga ya dace in zauna a ƙasa na ɗan lokaci, sai na zauna.

Bayan na huta, na je na kashe babban makunni, na ƙarasa ɗauri, na mayar da wuta, na tara iyali. Na danna ƙasa, ƙwai biyu suka kama. Na danna sama, biyun suka mutu, uku suka kama. Yara suka tafa. Na sake yi, suka sake tafawa.

"To, kashe mu gani," in ji maiɗakina.

Na danna. Biyu. Na danna. Uku. Na ce mata yanzu rana ce, a bar maganar kashewa sai dare.

Dare ya yi. Ƙaninta da ke karatu a jami'a a falon yake kwana. Kashe babban makunni zai tafi da firij mai naman miya a ciki, ya tafi da fanka, kuma duk wanda ya san zafin bazarar Kano ya san ba a wasa da fanka. Hawa a kwance ƙwai kuwa babu hali, don an mayar da turmi kicin an kafa mini doka. Na gano cewa idan aka tsayar da madannin a tsakiya cif, fitilar tana mutuwa gaba ɗaya, sai na tokare shi da tsinken ashana. Muka samu duhu na ɗan lokaci, da wata 'yar ƙara cir-cir daga cikin bango wadda ban so ba. Wani ya buga ƙofar banɗaki, tsinken ya yi tsalle, uku suka dawo. Daga nan gidan ya koma addu'ar a ɗauke wuta, abin da ba a taɓa roƙa ba tun da aka gina shi. Wutar kuwa ta kwana daram. Da asuba na tarar da yaron ya naɗe fuskarsa da ɗankwalin yayarsa.

Injiniya ya zo da hantsi. Ya kashe babban makunni, ya dangwala testa a kan kowace waya duk da haka, sannan ya zaro makunnina ya juya shi a tafin hannu.

"Malam, wannan ai na matattakalar bene ne. Biyu ake sawa, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, a haɗa su da waya biyu, ka kunna a nan ka kashe a can. Shi ba ya yanke wuta, hanya kawai yake sauya mata. Ka ba shi fitila a kowace hanya, ina za ta tsaya?"

Ya fito da mai madanni biyu, irin wanda na bari a shago. Jar waya ta shiga COM na farko, ya ɗauki 'yar guntuwa ya tsallaka da ita zuwa COM na biyu, kowane madanni ya riƙe rukuninsa. Wayar da na ƙusance a bango ya ɓamɓare ta, ya ɗaure sababbi biyu a wutsiyar tsohuwar da ke cikin fayif, yaronsa ya ja daga sama, suka wuce sumul. Yana tattara kaya ya ɗaga kai ya dubi ƙwayayen.

"Da LED ka saya masu wat 9, biyar ɗin duka wat 45 ne. Ko ƙwanka ɗaya ba su kai ba."

Na ce masa ba wannan aikin aka kira shi ba. Na biya kuɗin da ya faɗa tun farko, da kuɗin sabon makunni, da na waya. Mai fenti kuma ya ce sai dai a sake bangon gaba ɗaya, don cike ramukan ƙusa zai bar tabo.

Yanzu fitilar ta rabu biyu da uku yadda na tsara, kuma na tara yara na koya musu wanne ne na kullum, wanne ne na baƙi. Sai dai madannan a manne suke da juna, duk wanda ya shigo falon, har da uwarsu, tafin hannu yake sawa ya mare su tare.