Alhaji, Bar Ƙirga Furfurar Matuƙi

Na san ku, ku masu leƙen ɗakin matuƙa. Da kun taka matakalar jirgi, tun ma'aikaciya ba ta gama yi muku sannu da zuwa ba, ido ya riga ya faɗa hagu yana neman furfura. In aka hango dattijo mai sanƙo da tabarau a karan hanci, sai hankali ya kwanta, har a tambayi abin da za a ci. In kuwa yaro ne da gemu bai gama tsiro masa ba, ko yarinya sa'ar autarku, shi ke nan, carbi ya fito daga aljihu, ba zai koma ba sai taya ta taɓa ƙasa. Addu'a ba ta da laifi, Alhaji, a ci gaba da yi. Lissafin ne nake so mu sake bugawa tare.

Mu leƙa Amurka, don a can ne aka ɗauki wannan fargaba taku aka mai da ita doka. In ka sayi tikitin Delta ko United ko American zuwa wani ƙaramin gari, sau da yawa fenti da tambari ne kawai nasu. Matuƙan ma'aikatan ƙananan kamfanoni ne irin su SkyWest da Republic da Endeavor da Envoy da PSA, wasu mallakar manyan, wasu 'yan kwangila zalla, masu jirage na kujera 50 zuwa 76. A nan sabon matuƙi yake yanke cibiya. Kafin 2013, yaro mai lasisin kasuwanci da awa 250 a sama yana iya zama a kujerar dama a matsayin mataimaki, da fasinjoji cike a bayansa.

Na ji salatin da ka yi. Awa 250, kwana goma da 'yan kai ke nan in aka jera su. Riƙe salatin tukuna, akwai sauran labari.

Daren 12 ga Fabrairu 2009, jirgin kamfanin Colgan Air mai lamba 3407, ƙirar Q400 mai farfela biyu, ya taso daga Newark zuwa Buffalo da fentin Continental a jikinsa. Ana sanyi, ƙanƙara tana kama fikafikai. Suna gangarowa don sauka gudun jirgin ya yi ta raguwa, babu wanda ya lura a cikinsu. Irin wannan jirgi yana da gargaɗin da ko kurma zai ji: in gudu ya yi ƙasa har fikafikai suna shirin daina ɗaukar nauyi, sai sitiyarin ya kama kakkarwa a hannunka. Maganin, wanda ake koya wa ɗalibi tun makonnin farko, shi ne ka dunƙufar da hancin jirgi ka ƙara wuta. Kyaftin ɗin sai ya ja sitiyari baya, hanci ya ɗaga sama. Na'urar jirgin ta tura hancin ƙasa da kanta don ta cece su, ya sake fizgowa. Mataimakiyarsa kuma ta naɗe leɓen fikafikai ba tare da an ce ta yi ba. Jirgin ya faɗa kan wani gida a Clarence Center. Mutum 50 suka rasu, 49 a jirgi, ɗaya a cikin gidansa.

Iyalan mamatan ba su zauna zaman makoki kawai ba. Sun yi ta sintiri a majalisar dokoki a Washington har aka yi doka a 2010, hukumar kula da jiragen sama ta FAA ta fara aiki da ita a 2013: mataimaki ma sai ya mallaki babban lasisi irin na kyaftin, wato sai ya tara awa 1,500. An yi rangwame ga tsohon matuƙin soja, awa 750. Mai digirin jami'a a fannin jirage, 1,000. Mai karatun shekara biyu, 1,250.

Ga Alhaji nan yana gyara zaman hula, yana cewa ai dama ya faɗa. To ranka ya daɗe, ka san awa nawa matuƙan nan biyu suke da shi? Kyaftin, ɗan shekara 47, yana da 3,379. Mataimakiyar, 'yar shekara 24, tana da 2,244. Da dokar tana nan a daren, da dukansu sun wuce ta ko waiwaye babu.

Abin da masu bincike suka tono ya fi ƙidayar awa ɗaga hankali. Kyaftin ɗin ya sha faɗuwa jarrabawar tuƙi, kuma kamfanin bai san da dukan faɗuwar ba lokacin da ya ɗauke shi. Ita kuwa albashinta bai wuce dala 16,000 da wani abu a shekara ba, kuɗin da ba zai kama mata ɗaki a kusa da Newark ba. A wajen iyayenta take zaune a yankin Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar. Daren da ya gabata ta kwana a hanya, ana rage mata hanya a jiragen dakon kaya, ta iso da mura a ka. Gajiya, talauci, horo mai rauni da tarihin da ba a bincika ba: ko ɗaya babu wanda furfura take warkarwa.

Yanzu kuma ga ɗan boko can a lungu, waya a hannu, yana murmushi. Shi a wurinsa an gama magana: dokar shirme ce, kwamfuta ce ke tuƙa jirgi, matuƙi ɗan rakiya ne. Kai ma zo nan, ɗan'uwa, ba ka tsira ba.

Hujjarka ta farko tana da ƙarfi, ba zan hana ka ita ba. A Turai babu wannan doka. Ryanair da easyJet suna ɗaukar yara masu awa 200 ko kusa da haka, su ɗora su a kujerar dama ta Boeing 737 ko Airbus A320, kuma ba a jin jiragensu suna zubowa daga sama. Sai dai ba daga titi ake tsinto yaran ba. Ana tace su tun kafin su fara, a yi musu horo mai tsari a na'urar kwaikwayon tuƙi, inda ake kashe musu inji, a kunna musu gobara, a rufe su da hazo, sannan su yi watanni suna tashi da kyaftin mai koyarwa kafin a sake su. Kamfanin Republic ya so ya bi wannan sawu: a 2022 ya roƙi FAA ta bar ɗaliban makarantarsa su fara aiki da awa 750 kamar sojoji. Hukumar ta ce a kai kasuwa.

Amma batun ɗan rakiya, je ka faɗa wa mutum 155 da suka fito da rai daga kogin Hudson ranar 15 ga Janairu 2009, ko wata guda ba a yi ba kafin haɗarin Buffalo. Garken dinya ya kashe injinan jirginsu biyu, kuma ba kwamfuta ce ta yanke shawarar a sauka kan ruwa ba. Chesley Sullenberger ne, tsohon matuƙin jirgin yaƙi mai awa sama da 19,000, kuma har yau yana cikin masu kare dokar awa 1,500 da ƙarfinsu. Wannan maki naka ne, Alhaji, karɓi abinka.

Sai dai kada ka yi saurin sa shi a aljihu. Haɗarin da ya fi kowane cin rai a tarihin jiragen fasinja, karon jiragen KLM da Pan Am a tsibirin Tenerife ranar 27 ga Maris 1977, da ya ci mutum 583, babu ɗan koyo a cikinsa. Kyaftin ɗin KLM shi ne shugaban masu horar da matuƙan Boeing 747 na kamfanin, hotonsa ake bugawa a talla. Ya saki birki cikin hazo ba tare da izinin tashi ba, alhali jirgin Pan Am yana kan titin. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko wancan jirgin ya kauce, maigida ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya kauce, kowa ya ja bakinsa. Daga irin wannan ne aka fara koya wa matuƙa darasin da zai yi wa tarbiyyarmu wuyar haɗiya: ƙarami ya buɗe baki ya ce wa babba ya yi kuskure, ya maimaita in ba a ji ba, ya karɓe sitiyari in ta kama. Yaron da ya iya sunkuyar da kai a gaban manya abin so ne a zaure. A ɗakin matuƙa, wanda ya iya musu nake so.

Haka da jirgin Habasha ƙirar 737 MAX ya faɗi a Maris 2019 da mutum 157, nan da nan aka yi ca a kan mataimakin, mai awa 361 kacal. Da rahoto ya fito, sai ga shi shi ne ya ce a kashe makunnin da ke ba wata na'urar jirgin da ta haukace wuta. Ƙasa da wata biyar kafin nan, irin wannan na'ura ta kifar da jirgin Lion Air a Indunusiya da mutum 189, matuƙansa kuwa kowanne yana da awa dubbai.

To wai ma ina ake samo awa 1,500 ɗin? Nan ne abin dariyar yake. Yaro ya gama makaranta da awa 250 da bashin da kan kai dala 100,000. Ba mai ba shi babban jirgi, don haka sai ya zama malamin koyar da tuƙi a ƙaramar Cessna mai kujera huɗu, jiya ɗalibi yau malam. Wani ya riƙa jan ƙyallen talla a saman bakin teku, wani ya yi ta kai masu dirowa da laima sama yana dawowa, wani ya bi bututun mai yana duba yoyo. Shekara ɗaya da rabi ko biyu, galibi da rana, sararin sama tas, a kewayen fili guda. Mutum ya shekara biyu yana zagaya unguwa da Keke Napep, sai a miƙa masa makullin tirela a ce ya kama hanyar Legas da dare, tunda ai ya daɗe a kan titi. Ba na ce awannin banza ne ba. Wanda ɗalibi ya sha yunƙurin kashe shi sau ɗari ya koyi sa ido, ya kuma koyi yanke shawara shi kaɗai ba mai rufa masa baya. Amma littafin ƙidaya ba ya bambance awa guda cikin hadari da awa guda ta shan iska.

A ganina, babban alherin dokar ta ƙofar baya ya shigo. Da ta rage yawan masu cancanta, sai matuƙi ya yi tsada. Bayan korona manyan kamfanoni suka shiga ɗauka ba ji ba gani, sama da mutum 12,000 a shekara a 2022 da 2023, kuma daga ƙananan suke yasowa. Waɗanda aka fi kwashewa kyaftin-kyaftin ne, ga shi mataimaki ba ya hawa kujerar hagu sai ya yi awa 1,000 a aikin jigilar fasinja. Jirage suka zauna a ƙasa babu mai tuƙawa, ƙananan garuruwa suka rasa zirga-zirga. Dole uwar na ƙi: a 2022 ƙananan kamfanonin American suka kai kuɗin sabon mataimaki dala 90 a awa. Mai wannan albashi yana iya kama ɗaki ya yi barci a kan gado. Dokar 2010 ɗin kuma ba awa kaɗai ta zo da shi ba. Ta jawo hutun dole na awa 10 kafin a hau aiki, da horon farfaɗo da jirgin da fikafikansa suka saki, da rumbun bayanai inda faɗuwar jarrabawa ba ta ɓuya. Kusan shekara 16 aka yi babu babban haɗarin jirgin fasinja na kamfanin Amurka, sai Janairu 2025 da jirgin PSA ya yi karo da helikwaftan soja a saman kogin Potomac, mutum 67 suka rasu. Masu son dokar suna rataya wa awa 1,500 wannan lambar yabo gaba ɗaya. Ni da za a ba ni rabon, barci da horo za su ɗauki kaso mafi tsoka.

Kasuwa kuma ba ta da amana. A 2024 Boeing ya kasa kawo jirage a kan lokaci, manyan kamfanoni suka taka birki, sai ga masu awa 1,500 cif suna jiran kira wata da watanni, ƙananan kamfanoni suna zaɓe suna darjewa. Ƙwarewar wanda ke gaban jirginka tana hawa tana sauka ne da yunwar kamfanoni, doka kuwa mafi ƙarancin awa kawai ta shata. Furfurar da kake nema ma doka tana sallamar ta a shekara 65, kuma da aka nemi a kai 67 a 2024, majalisa ba ta yarda ba.

Kafin ka ce wannan rigimar Amurkawa ce, waiwayo gida. Tun 1964 aka kafa kwalejin Zariya mai yaye matuƙa, kuma a mulkin Kwankwaso na biyu gwamnatin Kano ta tura matasa 100 Jodan su koyo tuƙin jirgi. Mu ba mu da dokar awa 1,500, amma muna da wadda ta fi ta tsauri, ba a rubuce ba. Yaro ya dawo da lasisi da awa 200 da 'yan kai, kamfani ya ce sai ya nemo shaidar ƙwarewa a kan irin jirginsa, wadda ake biya da dubban daloli, sannan ya zo da awannin aiki. Awannin kuwa ba a samun su sai an ɗauke ka aiki. Ana cikin haka sai a yi hayar Bature ko Balarabe da dala, wanda shi ma wani ne ya yi kasadar ɗora shi a kujerar dama yana ɗan shekara 22.

Hajiya, ke ce shaida. Wannan Alhajin da ya rantse yaro ba zai tuƙa shi zuwa Abuja ba, ba shi ne jiya bayan isha'i yake faɗa a tsakar gida ba, wai ɗan ƙaninsa ya gama karatun jirgi shekara da shekaru, kamfanonin nan marasa kishi sun ƙi ɗaukar sa?