An Bar Jaki Ana Dukan Batir

A unguwarmu nan Anka ba sai an yi shela ba. Da ka ji mota ta yi "kat-kat-kat" bayan sallar asuba sannan ta yi tsit, ka san yau akwai aikin gayya. Mai motar zai fito ya ɗaga bonet ya tsura wa inji ido kamar shi ya ƙera shi, mu kuma mu taso daga teburin mai shayi, kowa da kofinsa da fatawarsa.

"Alhaji, mi ya same ta?"

"Wallahi jiya lahiya lau na aje ta."

Dukkanmu haka muke cewa. Ba a taɓa samun wanda ya ce shi ya kwana da cajar waya uku a jikin mota ba, ko ya zauna ciki yana jin labaran BBC har aka rufe tasha.

Sai a shiga tura. Wanda ya fi kowa ihun "sa ta giya biyu, saki kuloci!" shi ne wanda yatsa biyu kawai ya ɗora a kan but, don kada babbar riga ta yi datti. Yara su ne masu aikin gaske, ladansu hayaƙi a fuska. Har wajen ajiye mota mun ƙware: ranar Juma'a ka duba yadda muke rububin gangare, kowa ya juya hancin motarsa ƙasa, amma in ka tambaya ya ce inuwa yake nema. Mai otomatik ne abin tausayi, tasa ba ta cin tura, sai ya bi gida gida aron batir, ko ya lallaɓa ya cire na sola maiɗakinsa tana kallo.

Magungunanmu kuwa ba sa ƙarewa. Mu ƙwanƙwasa kan batir da dutse, mu cusa ƙusa don ya kama, mu tuttula masa lemon kwalba a kan farin garin nan da ke taruwa. Mu cire kan batir inji na aiki wai gwajin altaneta, alhali a motocin yanzu hakan kan iya ƙona kwamfutar motar. In tura ta kai bango sai a yanke wa batir hukunci, a ba direban Golf saƙo ya bi ta Mayanchi ya sayo sabo a Gusau. Kwana huɗu sabon ma ya kwanta, mu ce ai kayan yanzu ba albarka. An bar jaki ana dukan taiki.

Ni ma sai da na sayi biyu kafin na yarda na kai wa mai wayarin, wani yaro da ban ɗauke shi a bakin komai ba sai da ya zaro mita. Ya ce, "Baba, batir mai lafiya in ya huta yana nuna bolt 12.6. In ya sauko ƙasa da 12, ya galabaita. In inji na aiki ya kamata ka ga kusan 14, in ba haka ba altaneta ba ta ciyar da shi." Nawa duk sun ci jarrabawa. Sai ya kashe mota, ya rufe ƙofofi, ya kwance kan batir na baƙar waya ya sa mitar a tsakani, ya ce mu jira kamar rabin awa motar ta yi barci. Ashe mota ma tana barci, kuma ko a barcin tana ɗan shan wuta, amma bai kamata ya wuce miliam 50 ba. Tawa tana zuƙar sama da 400.

Daga nan ya koma zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan mita. Ya ce yawanci ɓarawon ɗan gida ne: rediyo da aka haɗa kai tsaye da batir, ƙaton lasifika, fitilu masu walƙiya da muke liƙawa don a san mun iso, ko altaneta da ta lalace ta koma tsotse abin da ta bayar. Da ya zare na fitilun ciki sai lambar ta faɗi. Ya mayar da fiyus ɗin, ya kunna bidiyo a wayata ya jefa ta cikin but ya rufe, ya buɗe, muka kalla tare. Ga ɗan ƙwai nan mai wat 5 yana ci abinsa cikin duhu, tun ranar da na danne murfin a kan buhunan gero daga Gummi na lanƙwasa maɓallin. Wannan ɗan mitsitsin yakan sha kusan kashi ɗaya cikin shida na batir a kwana guda.

Tsofaffin baturan kuma muna jibge su a zaure, jiran 'yan gwangwan. Nan dai raha ta tsaya. Abin da ke cikinsu dalma ce da ruwa mai ƙuna, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Bagega, Dareta, Abare da 'Yargalma a 2010 ba ma buƙatar wa'azi. Kada a fasa batir a gida, kada yaro ya mai da shi kujera.

Mai wayarin ya miƙe maɓallin da filaya, ya ce in zan daɗe ban hau ba in riƙa cire kan batir, in kuma riƙa duba ruwansa lokacin bazara, don zafi ya fi komai cin batir. Yau wata biyu motata na tashi bugu ɗaya. Mai shayi har ya fara ƙorafi wai na rage masa taro. Amma da safen nan na ji "kat-kat-kat" daga gidan maƙwabcina, na ɗauki kofina na fita, na ce masa batir ne, ya aika Gusau.