Katifar Kare Ta Fi Ta Mai Gadi Ganin Omo

A da, idan aka ce kare ya kwanta, kowa ya san makwancinsa: gindin rumbu, ƙarƙashin amalanke, ko cikin tokar murhu idan hunturu ya matsa. Gari na wayewa sai ya karkaɗe jiki, wanki ya ƙare ke nan. Karen mafarauta da ya wuni yana bin zomo bai taɓa neman a sauya masa zanin gado ba.

Yanzu leƙa Maitama ko Asokoro a Abuja, ko unguwar Nasarawa a Kano, ka ga yadda kare ke cin karensa ba babbaka. Alhaji ya sayo shi har da takardar asali, abin da shi kansa ba ya da ita. Wani daga Jamus kakanninsa suke, wani daga Afirka ta Kudu, wani kuma jibgege ne mai gashi buzu-buzu daga tsaunukan Kokasus, wanda aka halitta domin ƙanƙara, aka kawo shi ya sha zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Yana da katifar soso mai riga da zif, yana da bargo. Kuma Alhaji bai taɓa shafa kansa ba. Daga cikin mota yake nuna shi ga baƙi, gilashi a rufe.

Kada a ce na ƙi gaskiya, wankin katifar nan yana da dalili. Likitan dabbobi ya yi wa gidan bayani: ƙumar da ake gani a jikin kare kaɗan ce, rundunar tana cikin shimfiɗa. Macen ƙuma takan saka ƙwai har 50 a rana, ƙwan ba ya manne wa gashi, sai ya zube inda karen ya kwanta, ya ƙyanƙyashe a can. Kaskar kare kuwa tana iya yin rayuwarta kaf a cikin gida, tana ɓuya a tsagar bango da bakin ɗinki. Saboda haka duk mako a cire rigar katifar, a kakkaɓe gashi, a wanke da ruwa mai zafin digiri 60, a ɗauraye sosai kada sauran sabulu ya sa shi ƙaiƙayi, a shanya ta da soson a rana har su bushe ƙayau, domin danshi shi ke kawo wari. Alhaji ya saurara yana gyaɗa kai, shi da matashin kansa bai ga rana ba tun ranar da aka kawo Hajiya.

To wa zai wanke? Nan ake yin ta.

Hajiya ta rantse ba a injinta ba. Injin da ake wanke hijabi da sallaya? Sai dai a sake gida. Aka gwada dabara, aka cusa rigar katifar cikin kayan Alhaji aka aika wa mai wanki da guga, da sunan rigar kujera ce. Bawan Allah ya ɗaga ta, ya ga gashi, ya shinshina, ya dawo da ita a leda da saƙon cewa kujerar nan tana haushi.

Sai ga ilimi ya ɓarke a gidan da ba a saba jin sa ba. Alhaji, wanda rabonsa da Ahalari tun yana makarantar allo, ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne, kwanon da ya sa wa baki ne ake wankewa sau bakwai. Hajiya ta ce ita malaminta ya ce a wajen Shafi'iyya najasa ne mai nauyi, wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Aka wuni ana jan hujja, kowa na kare mazhabarsa, kuma abin mamaki duk mazhabobin biyu suka haɗu a kan fatawa ɗaya: Baba mai gadi ne zai wanke.

Ga shi nan ranar Asabar a bayan gida, da baho da burushi da tukunyar ruwan zafi a kan gawayi, ya naɗe wando zuwa gwiwa yana dirza yana istigfari. Ya gama, ya wanke hannu sau bakwai, ya ƙara na takwas saboda kokwanto. Hajiya, da ba ta iya ganin shimfiɗa ba ƙamshi, ta aiko yarinya da kasko a turara katifar da turaren wuta. An manta cewa hancin kare ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma warinsa shi ne shaidar cewa wurin nasa ne. Gogan naka ya zo, ya shinshina, ya yi atishawa, ya wuce bakin kwata ya yi birgima son ransa, sannan ya dawo ya baje a kan katifar yana lumshe ido. Aikin wuni guda ya tafi a minti biyar.

Shi kuwa Baba, da dare ya yi sai ya koma ɗan akurkinsa na bakin ƙofa, ya shimfiɗa kwali a kan benci, ya ɗora tabarmar da kuɗin cizo suka riga shi mallaka. Babu likitan da ya taɓa zuwa ya faɗi digirin ruwan da ya dace da ita. Ko ɓarawo ya zo, Baba ne zai fara tashi, shi zai ta da karen.

Da aka sayo wa kare sabuwar katifa, wai tsohuwar ta lotsa tana sa masa ciwon baya, Baba ya cire hula ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ko za a taimaka mini da tsohuwar?"

Alhaji ya dafe ƙirji. "Haba Baba! Ka kwana a shimfiɗar kare, ka tashi ka yi sallar asuba? Wallahi ba zan ɗauki wannan alhaki ba. Kai ta bayan gida ka ƙone."