Bazazzagi, Ina Sikelinka?

Bawana, saƙon muryarka ya iso Kano, kuma na saurare shi har ƙarshe, abin da ba kowane ubangida zai yi wa bawansa ba. Ka ce tunda ƙura ta ɗan lafa a Umdurman, yaran unguwarku sun tasa ka gaba da bidiyon mutum-mutumin faɗa da suke kallo a waya, har sun fara harhaɗa nasu da injin tsohuwar fanka, da batirin waya, da tayoyin motar wasan yara. Ka ce za ka shirya musu gasa a tsakar gidanka, kai ne alƙali. Duk wannan na yi maka murna. Yaran da suka tashi cikin ƙarar harsashi tun 15 ga Afrilun 2023, in aka ga sun tsuguna suna ɗaure waya da waya, sai a gode wa Allah. Inda ka ɓata rawarka da tsalle shi ne da ka ce ba ka buƙatar sikeli, wai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Idon wa? Naka? Idon da ya kalli raƙumi a kasuwar Muwailih ya ce maka ɗan shekara uku ne, alhali haƙoransa sun fara zuba?

Na san inda ka samo wannan ƙwarin gwiwar. Kafin yaƙi, ranar Juma'a ba ta wuce ka a filin kokawa na Haj Yusuf, can gabashin Nilu. Ka tsallaka gada daga Umdurman, ka ratsa Bahri, ka samu wuri a inuwa kana kallon ƙartin Nuba suna kai juna ƙasa. A wannan kokawar ta gargajiya ba a ɗora kowa a sikeli. Ɗan kokawa ya fito fili ya ƙalubalanci wanda ransa ya ba shi, jama'a su yi sowa, wanda ya yi kaye a liƙa masa kuɗi a goshi, a ɗaga shi a kafaɗa. Ƙofar a buɗe take, shi ya sa a 2013 wani jami'in ofishin jakadancin Japan, Yasuhiro Murotatsu, ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya sha kaye, amma ya shiga. Kai kuwa shekara da shekaru kana gefe, da tsinken agashe a hannu, kana faɗa wa 'yan kokawa inda suka yi kuskure. Zazzau ke nan, ilimi a baki.

Kuma ban ce Nuba sun yi laifi ba. Mu ma haka muke. A gidan dambe, ƙaramin ɗan wasa kan kashe wanda ya fi shi jiki, shi ne ma daɗin kallon. A Nijar, tun da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, mai takobi, wato zakaran gasar, shi ne wanda ya kayar da duk wanda aka haɗa shi da shi, siriri ko jibgege. Amma ka lura da abin da ke riƙe da waɗannan wasannin. Jikin mutum yana da iyaka, ba a sayensa a kasuwa, kuma ɗan kokawa yana da kunya. Ƙato in ya zaɓi yaro, 'yan kallo ne za su fara yi masa ihu, makaɗa su juya masa baya. Ƙarfe ba shi da kunya, Bazazzagi. Kuma ƙarfe da kuɗi ake sayensa.

Bari in karantar da kai, ko da yake na san ku mutanen Zariya kun fi son ku ne a gaban allo. Wasan faɗan mutum-mutumi ya samo asali ne a Amurka, inda wani mai suna Marc Thorpe ya shirya gasar Robot Wars ta farko a San Faransisko a 1994, kuma tun daga ranar farko an raba injunan aji-aji bisa nauyi. BBC ta ɗauki wasan a Ingila daga 1998. Yau a gasar BattleBots, babban inji ba ya wuce laba 250, wato kimanin kilo 113. Masu yi don nishaɗi sun fi yawa a ƙananan aji: akwai na laba 30, da na laba 12, da na laba 3, da na laba 1. A Ingila har akwai ajin giram 150, wanda bai kai nauyin wayar da ka turo min saƙo da ita ba. Ajin yaranka ke nan, ko wanda ke sama da shi kaɗan.

Dalilin wannan tsanani ba ɓoyayye ba ne. Duk mai ƙera inji yana raba nauyin da aka ba shi tsakanin abu uku: makami, da sulke, da abin da ke tura tayoyi tare da batirinsa. In ya ƙara kaurin sulke, dole ya rage makami. In ya sa babban ƙarfe mai juyawa, sai ya haƙura da garkuwa. A cikin wannan rabon ne basira take. Ka cire iyaka, babu sauran rabo: ɗan mai shagon walda zai zo da sulke mai kauri da makami mai nauyi da babban batir gaba ɗaya, ya murƙushe na ɗan mai shayi cikin daƙiƙa goma, kai kuma ka ɗaga hannunsa ka ce ya fi hazaƙa. A ajin giram 150, ƙarin giram 15 kashi goma cikin ɗari ne. Wane ido ne zai ga giram 15? Sannan akwatin da ake faɗan a ciki, an yi bangonsa ne daidai ƙarfin bugun ajin. In inji ya fi ƙarfin bango, guntun ƙarfe zai fito, kuma yara ne a tsugune a gefe. Wannan ba na wasa ba ne, ko a tsakanina da kai.

To ga yadda masu abin suke yi. Sikeli ɗaya ne, na gasa, kuma shi ne mai magana. Wanda ya ce na gidansu ya nuna daidai, sai ya koma gidansu ya yi faɗan. Ana auna inji ne yadda zai shiga fili, da batirinsa, da murfinsa, da kowane noti. Mai makami biyu da yake sauyawa, kowanne sai an auna injin da shi. Wanda ya haura iyaka ba a korarsa nan take, ana ba shi lokaci ya rage, shi ya sa za ka ga manya da gemunsu sun duƙa suna huda ramuka a jikin sulke, suna guntule tsawon kusoshi, suna neman giram biyar. Ɗan damben zamani yakan ƙi shan ruwa ya hau sikeli, ya sauko ya cika cikinsa kafin karawa. Inji ba ya gumi, amma mai shi yana da sukurudireba, kuma faranti ɗaya na ƙarfe ba ya ɗaukar minti biyu a ɗaura bayan an gama awo. Don haka ka ajiye sikelin a bakin fili, duk wanda ya yi zargi a sake aunawa kafin a fara ko da an gama.

Kada kuma ka ɗauka rubuta lamba kawai ya isa. A BattleBots an taɓa yin ƙa'idar cewa injin da ke tafiya da ƙafa maimakon taya ana yi masa rangwamen ƙarin nauyi, saboda ƙafa ta fi wuyar ƙerawa. A 2001 wasu mutanen Wiskonsin suka zo da inji mai suna Son of Whyachi, mai wasu 'yan ƙafafu da ke jan ƙasa, waɗanda a aikace ba su da wani bambanci da taya. Ya ci rangwamen, ya fi abokan karawarsa nauyi nesa ba kusa ba, ya doke injin BioHazard a wasan ƙarshe ya ɗauki kofi. Sai da aka sake ƙa'idar, aka tura shi aji na sama. Ba su karya doka ba, karanta ta suka yi da kyau. Da aka ba ni labarin, sai da na tambaya ko a Tudun Wadar Zariya suka yi makaranta.

Saura batun wanda zai riƙe sikelin, kuma nan ne nake jin tsoro. Na san mudunka tun kana awon hatsi a kasuwar Sabon Gari, mai gindin nan da ya lotsa ciki. Na san ka haddace Suratul Muɗaffifina, har kana gyara wa limami madda, amma hadda daban, awo daban. Ka je kasuwar Umdurman, layin masu zinariya, ka roƙi aron ƙaramin sikelinsu mai lamba. Ka gwada shi a gaban yaran da wani abu da kowa ya yarda da nauyinsa. Sannan ka miƙa shi ga uwargida, tunda ita ce ta shekara talatin tana raba tukunya ɗaya tsakanin bakuna goma ba wanda ya kai ƙara. Kai ka riƙe usur.

Ka ce in na zo za ka kai ni kallon zikirin Hamad al-Nil da yammacin Juma'a, daga nan mu wuce cin ful. Na amsa. Amma zan taho da sikelin buhu daga Dawanau, irin mai ƙugiya, domin hoton da ka turo ranar Sallah ya sa ni shakka. Tsakanin ful da man riɗi da agashen da 'yan uwanmu Hausawa suka kai ƙasar, ina ganin ko BattleBots ka je, sai sun huda ka kafin su bar ka ka shiga fili. Ka gaida uwargida da yaran, ka ce musu ubangidan babansu ya sa wa wanda ya zo na ɗaya buhun gurasar Jakara, muddin ba kai ka yi awon ba.