Makilin a Kan Furosesa

Bawana! Labari ya iso mini tun kafin kasuwar Talata ta watse. Wai kwamfutar shagonka ta koma mutuwa da kanta da zarar azahar ta yi, ɗaliban kwalejin Abdu Gusau na tsaye da takardu a hannu, kai kuma ka sa yaro yana yi mata fifita. Da mafici ya gaza ka ce sammu ne. Da malam ya ce ba layinsa ba ne, sai ka ɗauko sukundireba. Nan na ce to fa, ɗan mace ya zama injiniya.

Abin kunyar, kai fa manomin Bakolori ne. Tun 1978 da kamfanin Impresit na Italiya ya gama datse Gulbin Sakkwato, ko yaro a Maradun da Bakura ya san dam mai cin ruwa kubik mita miliyan 450 ba ya shayar da kwano ɗaya na shinkafa idan laka ta cike kanal. Ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke zaune kan furosesa, kanal ne, sai dai zafi yake ja. Ya tsotso shi daga ƙasa, ya raba wa siraran ganyayyakin alminiyam, fanka ta kore shi waje. Ƙurar hunturu ta toshe tsakaninsu, bazara ta zo da zafin da ya haura digiri 40, ina zafin ciki zai bi? Furosesa kuwa idan ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya ƙi ta kashe kanta. Hankali ne wannan, bawana, abin da ba a gada a wajen gwaggo ba.

Burushi da iska kawai take nema. Kai ka aika titin Beirut a Kano aka sayo maka sabon ƙarfe.

To, ka saya. Sai ka fizge tsohon da sanyinsa, alhali masu gyara sukan bar na'ura ta ɗan yi aiki tukuna don man da ke tsakani ya yi laushi, sannan su kashe, su zare waya, su murɗa a hankali. Allah ya rufa asiri furosesar ba ta biyo shi ba da ƙafafunta a lanƙwashe. Sannan ka duba babu man shafawa, ka shiga ɗaki ka ɗauko makilin. Makilin! Wai ai shi ma fari ne, kuma yana sanyi a baki.

Zauna in karantar da kai, haƙƙin ubangida ne. Fuskar furosesa da gindin ƙarfen, duk sheƙinsu, suna da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Iska ke maƙalewa ciki, ita kuwa iska ba ta wuce da zafi. Aikin man kawai ya cike ramukan. Ƙarfen ya fi shi jan zafi nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a lafta shi: ɗigo ɗaya, girman ƙwayar wake, a tsakiya. Makilin ruwa ne a cikinsa, zafi na taɓa shi zai bushe ya farfashe, ka koma gidan jiya da ƙanshin na'ana'a.

Yaronka ya kuma tsegunta mini cewa ledar da ke manne a gindin sabon ƙarfen tana nan ba ka ɓare ba, wai kada ya tsufa da wuri. Wannan rowa ta gidanku ce, ba zan taɓa ta ba.

Gobe ka sake buɗewa. Ɓare ledar. Goge fuskokin biyu da sifirit da ƙyalle mai tsabta har su bushe. Ɗiga man gaskiya. Sukurori huɗun nan kada ka ɗaure ɗaya tamau ka bar uku na lilo; bi su kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan, har ƙarfen ya zauna daidai. Kada ka manta da jona wayar fanka, don na san ka.

Kuɗin shara na bana kuwa kada ka sa rai, na cire su a ladan karatu. Ragowar bashin buhun shinkafa ne, ka ɗoro shi a motar Gusau, kuma ba tsohuwa ba.