Mutanen Gidanmu a Hutun Hunturu

Da zarar iska ta fara kaɗowa daga wajen Babura, hazo ya rufe duwatsun Roni, makarantu kuma suka sallami yara a tsakiyar Disamba, to gidan Bakazaure ya cika. Hatsi ya shiga rumbu, ma'aikata sun ci albarkacin hutun Kirsimeti duk da ba bikinsu ba ne, katin ɗaurin aure kuwa har a ƙofar masallaci ake raba shi. Sanyi ba ya rufa wa kowa asiri.

Akwai mai gaba da ruwa. Saurayi ne da makarantar dare ba ta ga ƙeyarsa ba tun damina, amma da hunturu ya kama sai ya tashi malamin fiƙihu, babin taimama kaɗai ya haddace. In Inna ta gaji ta ɗora masa ruwan zafi, zai shiga bayi da bokiti, a yi ta jin ruwa yana zuba a ƙasa, ya fito da jiƙaƙƙiyar fuska, ƙafa kuwa furu-furu, ga faso ya tsage masa dunduniya. Kaka ce kaɗai ke iya masa. Ta damƙe shi ta mulke da man kaɗanya, yana cewa ya girma, tana cewa kaushinsa ma ya girma.

Baffa shi ne sarkin wuta. Da an sallame Asuba yana ƙofar gida cikin gwado, yana aiken yara su ɗebo kara. Daga ina? Ba ya tambaya. Shi ya sa dangar maƙwabci take ramewa kullum. A fadarsa ake bitar shekara: wa ya rasu, wa ya haihu, gonar wa ruwa ya ci, buhun taki nawa ya kai. Kuma kowace safiya sai ya sanar da jama'a cewa sanyin yanzu ba sanyi ba ne, sanyi sai na da, lokacin da Kazaure take cikin Jihar Kano, kafin 1991. Yana faɗa yana ƙara matsawa jikin wuta har gefen gwadonsa ya fara ƙauri.

Amma mai mulkin wannan wata ita ce Gwaggo uwar biki. Tana da tsohon littafin makaranta a ƙarƙashin katifa, a ciki ta sa an rubuta mata abin da kowace mace ta kawo ranar auren 'yarta: wance turmin atamfa, wance kwalla biyu, wance ta zo hannu rabbana kuma ta ci tuwo malmala uku. Yanzu lokacin ramawa ne, ba ta ƙari, ba ta ragi. Juma'a tana Gwiwa, Asabar tana Roni, Lahadi a 'Yankwashi ake kai amarya, kowane biki da ankonsa, tela ya daina kwana a gida don tsoronta. Ka ce mata, "Gwaggo, ki huta mana, a aika da gudummawar," ta dube ka sama da ƙasa ta ce zumunta a ƙafa take. Tun hunturun 2023, da aka canja takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, ta ɗaura yaƙi da taransifa. A wajenta gudummawar da ba a ƙirga a tsakar gida mata suna kallo ba, ba a bayar ba. Ni dai a nan ina bayanta, don waya ba ta guɗa.

Sai Yaya na Abuja. Ya biyo titin Kano zuwa Daura da mota wankakkiya, ya iso ta yi ja da ƙura. Ranar farko kowa nasa ne, ya raba tsaraba, ya yi alkawarin rufin ɗakin Inna, ya karɓi takardun yara huɗu da zai nema wa aiki. Rana ta biyu ya gano cewa duk unguwar 'yan uwansa ne, har da waɗanda suka zo gaisuwa da takardar asibiti a aljihu. Rana ta uku wayarsa ta lalace. Rana ta huɗu an kai masa koko da ƙosai aka tarar da ɗaki wayam, wai oga ya kira cikin dare. 'Ya'yansa da ya bari su ƙarasa hutu suna tsoron akuya, suna tambayar me ya sa ake jin ɗumin wuta alhali akwai bargo.

Ɗan makarantar kwana ba ya magana, ci yake yi. Mai babur kuma ya zauna jugum, domin mai sayar da kayan gyara ya kulle shago ya tafi garinsu Kirsimeti, sai Janairu.

Shi kuwa maigida ya sayar da riɗi da zoɓo, aljihu ya yi nauyi, tafiyarsa ma ta canja. Ya sayi rigar sanyi ta gwanjo mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa, ya koma shan shayi da ƙwai uku, har an ji shi a majalisa yana tambayar ko 'yar gidan wane ta gama idda. Uwargida ta ji labari, ba ta ce uffan ba. Ta kira yara ta jera su a gabansa, kowa riƙe da takardar kuɗin makaranta na zango na biyu, Gwaggo kuma ta shigo da sallama, da littafinta a hannu, ta ce saura biki uku kuma duk na danginsa ne. Maigida ya yi tari, ya ce wannan hazon bai yi masa daɗin ƙirji ba, ya nemi a miƙo masa buta.